Ranar da Munkaila Ya Durƙusar da Mota

A shekarar da ruwan sama ya dawo bayan fari, kwarin da ke gabas da Gidan Illo ya cika, ya kuma ƙi ƙafewa. Aka yanke gero, rani ya zo ya wuce, ruwa na nan. Ma'aikatan gwamnati suka zo daga Konni da ƴan kifi cikin gangunan ƙarfe suka juye a ciki. Da shekara ta zagayo, tarwaɗa ta yi yawa har mata masu wanki suna jin tana gogar ƙafafunsu. Sai maigari ya ce dole a naɗa Sarkin Ruwa, wanda zai riƙa faɗin ranar kamun kifi da ranar da za a bari. Garin bai taɓa yin Sarkin Ruwa ba, saboda bai taɓa yin ruwa ba.

Mutum biyu suka nemi rawanin. Na farko Tanimun, wanda ubansa masunci ne da ya taso daga wajen Argungu. Shekara ashirin yana noma a Gidan Illo, gorarsa ta kamun kifi da homarsa suna rataye a ɗaka, ba ya yawan magana. Na biyu Munkaila direba. Shekara takwas ya yi yana kai siminti Yamai daga Malbaza, kuma ya san kogi ƙwarai, domin ya sha wanke kamiyo, babbar motar simintin, a bakinsa. Yanzu yana da tasa motar, tsohuwar mil-kilo mai dogon tsayi, wadda yake kai mutane kasuwar Illela da ita. Yana kuma da abin da babu mai irinsa a duk yankin: jirgin ruwa.

Wani Bature malamin lakwal, wato makarantar boko, ne ya bar masa shi da zai koma ƙasarsu. Jirgin na katako ne, siriri, tsawonsa taku goma sha shida, rufe yake ta sama sai rami guda inda mutum ke zama. Nauyinsa ya kai buhun siminti biyu. Tun ranar da aka sauke shi a ƙofar gidan Munkaila bai motsa ba, kaji ne ke ƙwai a cikinsa.

Ran Alhamis aka taru a zauren maigari. Munkaila ya ce mai iyo da gora ba zai mulki ruwa ba alhali ga mai jirgi a gari.

Maigari ya ce, "Jirgin ga dai shina ƙofar gidanka. Tafki kuwa kilomita bakwai."

"Saman mota za shi hau, ranka shi daɗe."

Tanimun ya ce, a hankali, "Sai an samu ƙarfafa sun kama maka. Da nauyi."

Munkaila ya juyo ya dube shi. "Ƙarfafa? Baturen nan ƙashi ne da tabarau, amma shi kaɗai ke ɗora shi. A Yamai, da hannu guda muke yi, guda na riƙe da shayi. Ranka shi daɗe, gobe kafin la'asar jirgi na bakin ruwa. In bai kai ba, ko in hannun wani ya taɓa shi, a ba Tanimun rawani."

Maigari ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa. Ya ce, "To. An ji."

Juma'a da hantsi Munkaila ya kori kaji, ya share jirgin, ya naɗa gammo. Taubashinsa Jibo ya zo da tabarma ya shimfiɗa a inuwar gawon da ke ƙofar gidan. Kafin a jima tabarmi sun kai biyar.

Munkaila ya ce, "Mi kuke jira?"

Jibo ya ce, "Ilimi. Mu ba mu je Yamai ba."

Dabara ta farko ita ce ta kai. Ya kife jirgin, ya ɗaga hancinsa, ya rarrafa ƙarƙashi, ya yunƙura. Jirgin ya tashi. Sai dai gammon ya zame, kansa ya shige ramin zama har kafaɗa. Abin da masu kallo suka gani shi ne jirgi mai ƙafa biyu yana neman mota. Ya nufi gabas, mota tana yamma. Hancin ya huda danga, ya juya don ya zare, wutsiyar ta share tukunyar ruwan alwala. Ya ƙara taku shida, ya shiga cikin gida, ya daki rumbu.

Matarsa Tsahara tana surfe. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Maigida, sannu da zuwa. A kawo ruwa?"

Daga cikin jirgi murya ta ce, "Ina mota?"

"Inda ka bar ta."

"Kar ki taɓa! Faɗa mini dai, dama ko hagu?"

"Damarka ko damar jirgi?"

Ya zauna a ƙasa da ƙarfi, jirgin ya rufe shi. Da ya fito, akwai gashin kaza a gemunsa. Ya ce wa jama'a ya auna nauyin ne, kuma ya samu abin da yake nema.

Dabara ta biyu ita ce wadda ya ce ta Baturen ce. Ya ja jirgin zuwa bayan mota, ya ɗaga hancin ya jingina da gefen rufi, ya koma wutsiya ya tura. Birkin hannu na motar ya mutu tun kafin ya saye ta. Da ya tura jirgi, jirgi ya tura mota. Ya tura taku uku, mota ta yi gaba taku uku. Ya ƙara ƙarfi, ita ma ta ƙara. A haka suka bi layi su uku, mota a gaba, jirgi a tsakiya, Munkaila a baya, suka wuce rijiya, suka wuce mai ƙosai, har gaban motar ya tsaya a jikin katangar masallaci. Masu tabarmi suka naɗe suka bi.

Liman ya leƙo. "Munkaila, da saura. Sai ƙarfe biyu."

Jibo ya ce, "Sahun gaba yake nema wa motar, Malam."

Munkaila ya koma wutsiyar jirgin. Tun da katanga ta tare motar, ya ja numfashi ya tura da dukan ƙarfinsa. Jirgin ya hau, ya hau, har rabinsa ya wuce rufi. Ya saki don ya tofa yawu a tafin hannu. Jirgin ya tsaya kamar mai shawara, sannan ya biyo hanyar da ya hau. Munkaila ya yi tsalle gefe, takalminsa ɗaya bai samu bin sa ba.

Ya mayar da mota gida, ya dawo ya ja jirgin da igiya. Rana ta ɗaga sosai. Ya tsaya ƙarƙashin gawo ya daɗe yana duban wani reshe mai kauri, sannan ya aika a kira Sajo, Bafulatanin da sansa ke jan guga a babbar rijiyar garin.

Jibo ya ce, "Tsaya. An ce ba taimako."

"An ce hannun wani. Sa na da hannu?"

Aka yi gardama har sai da aka tura wa maigari tambaya. Amsa ta dawo cewa sa ba shi da hannu, amma Sajo yana da baki, don haka kada Sajo ya ce wa san komai. Sajo ya ce ya yarda, ya miƙa igiya, ya nemi gefen tabarma ya zauna.

Shirin mai sauƙi ne. Igiya ta bi ta kan reshe, kai ɗaya a tsakiyar jirgi, ɗaya a jikin sa. Sa zai ja, jirgi ya tashi ya tsaya a sama, Munkaila ya turo mota ƙarƙashi. Ya buga wa san tafi a gindi, sa ya kama tafiya. Jirgi ya bar ƙasa. Ya kai gwiwa, ya kai kai, ya wuce tsayin mota. Mata suka fara leƙowa ta kan danga.

Munkaila ya ce, "Ya isa."

Sa ya ci gaba. Rijiyar da yake aiki a kanta gaba talatin ce, kuma shekara bakwai yana tafiyar gaba talatin kafin ya tsaya. Reshen gawo gaba huɗu ne daga ƙasa.

"Tsaya! Na ce tsaya!"

Jirgi ya kai reshe ya manne. Reshe ya fara sunkuyowa. Munkaila ya gwada da Faransanci, irin wanda jandarma ke tsayar da mota da shi. Ya gwada da ashar. Ya ruga ya kama wutsiyar san, sa ya tafi da shi.

"Sajo! Yi mishi magana!"

Sajo ya nuna bakinsa, ya nuna wajen gidan maigari.

Reshe ya karye da ƙara irin ta bindiga. Jirgi ya faɗo a kan tarin ƙaiƙayi, bai ko tsage ba. Reshen kuwa ya juya a iska ya sauka daidai kan rufin mota, ya kwanta a tsakiyar ragar da ake ɗaura kaya. Sa ya cika gaba talatin ɗinsa, ya juyo da kansa, ya dawo ya tsaya yana jiran a juye guga.

Jibo ya tashi ya zagaya motar, hannu a baya. "Alhamdu lillahi. Reshe ya hau. Saura jirgi."

Aka tafi masallaci. Munkaila ya yi salla da takalmi ɗaya a ajiye a ƙofa. Da aka fito, saura sa'a biyu la'asar. A bakin hanya ya tarar da wani mai raƙumi zai ɗora buhunan gero. Mutumin ya ja akala ƙasa ya yi wa raƙumin tsawa, raƙumi ya durƙusa, ya ɗora buhu biyu ba tare da ya ɗaga su sama da ƙugunsa ba, ya ɗaure, ya ce ya tashi, ya tashi. Munkaila ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya juyo ga jama'a.

"Kun gani? Tun safe jarraba ku nake yi, in ga ko akwai mai hankali. Ba kaya ke hawa ba. Abin hawa ke saukowa."

Jibo ya ce, "To ja mata akala."

A bayan gidan Munkaila, gefen hanyar tafki, akwai ramin da garin ke haƙar ƙasar tubali. Dogo ne, matsattse, zurfinsa ya kusa tsayin motar, kuma gefe guda gangare ne inda jakai ke sauka ɗaukar ƙasa. Wata guda da ɗaukewar ruwa, samansa ya bushe ya tsattsage.

Tanimun yana cikin masu kallo tun safe. Yanzu ya matso ya ce, "Direba, ƙasan wanga rami bai bushe ba. Sama ce kawai."

"Ka ji tsoro ke nan."

"Na dai faɗa."

Munkaila ya sauka cikin ramin ya yi tsalle sau uku da ƙafa biyu. Ƙasa ba ta motsa ba. Ya dubi Tanimun, ya ƙara na huɗu. Munkaila kilo sittin ne har da takalminsa.

Ya sauke reshen, ya ja jirgin zuwa bakin ramin, ya shiga mota ya gangara da ita a hankali har gabanta ya taɓa bangon ƙarshe. Rufinta ya zo daidai da ƙasa, bambancin bai fi tafin hannu ba. Ya tura ƙofar direba, ta daki bango. Ya tura ta ɗaya gefen, ita ma haka. Ya tsallake kujeru ya fito ta ƙofar baya, ya ce dama haka ake yi.

Sannan ya kama wutsiyar jirgin ya tura. Jirgin ya zame ya hau rufi sumul, kamar an shafa masa mai.

Munkaila ya ɗauko igiya. Ɗaurin kaya kam ya iya shi, shekara takwas bai taɓa zubar da buhu ba. Ya ɗaure gaba, ya ɗaure baya, ya ratsa ta tsakiya, ya hau ya yi rawa a kai, jirgi bai girgiza ba. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Har Jibo sai da ya cire hula ya sosa kai.

Munkaila ya ce, "Tanimun, in na hau sarauta, zan bar ka ka riƙa riƙe mini igiya a bakin ruwa. Ba na manta talakawa."

Ya sauka, ya shiga ta ƙofar baya ya rufe, ya tayar da inji, ya sa bitas, wato giya, ta baya. Tayoyi suka juya. Ɓawon ƙasa ya fashe, baƙin taɓo ya yi tsiri ya watsu a kan sahun farko na masu kallo. Mota ba ta yi baya ba. Ƙasa ta yi.

Ya ƙara wuta. Ta ƙara ƙasa.

Jibo ya tsuguna a bakin rami yana goge fuska. "Ce mata ta tashi mana. Mai raƙumi cewa kawai ya yi."

Munkaila ya ce, "Sauka take yi ta ɗauki ƙarfi!"

Ya sa bitas ɗin gaba, ya sa na baya, ya sake na gaba. Inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Munkaila ya tsallake kujeru ya tura ƙofar baya. Taɓo ya riga ya haye gindinta, ko motsi ba ta yi ba. Ya koma kujerarsa ya zauna, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Tsakanin tagarsa da bangon rami bai fi a zura ƙwarya ba.

Aka kira la'asar. Bayan salla maigari ya fito da dattawa, ɗaya na riƙe da faifai da farin rawani a kai. Hanyarsu ta bi ta bakin ramin. Daga nesa abin da ake gani jirgi ne zaune a ƙasa, a ɗaure tamau. Maigari ya matso ya sunkuya.

"Salamu alaikum. Da mutum?"

"Alaikumus salam, ranka shi daɗe. Jirgi ya hau. Ni kaɗai. A tambayi kowa."

"Mun gani. Ɗauri ya yi kyau. To, mu tahi?"

"Ku yi gaba. Ina nan tahe."

Maigari ya miƙe ya ce, "Allah shi kawo ka lahiya." Suka wuce, gari ya bi su, har da tabarmi.

Tsahara ce kaɗai ta rage. Ta dama fura, ta ɗaura wa ƙwaryar igiya, ta zura ta tsakanin bango da taga.

"Maigida, in kira mutane?"

"Kar ki kira kowa. Inji ke hutawa."

"Me ke ƙara haka a ciki?"

"Ba komai."

Ruwa ne. Inda tayoyi suka haƙa ya fara tsattsafowa, ya taru a ramin, ya samu hujin da ke ƙasan motar. Da rana ta yi ja, ya kai masa idon sawu. Ya ɗora ƙafafunsa a kan sitiyari.

Kafin magariba aka ji kiɗa daga gabas. Jama'a suka dawo, Tanimun a tsakiya da farin rawani, wandonsa jiƙe, hannunsa riƙe da tarwaɗa huɗu a tsire a igiya. Suka tsaya a bakin rami. Samari suka fara tuɓe riguna, Sajo ya juya zai kawo sansa.

Maigari ya ɗaga hannu. Ya sunkuya ya ce, "Munkaila, da ruwa a ciki?"

Munkaila ya ce, "Kaɗan."

"To, ku mai da rigunanku. Wanga ba aikinku ba ne. Yanzu gari na da mai ruwa. Abin da ya nutse, shi ka fiddo shi, kuma wanda ya nutse shi ka kira."

Aka jira. Wata tarwaɗa ta motsa a igiya.

Daga ƙasa murya ta ce, "Tanimun."

Tanimun yana duban kifinsa.

Jibo ya ce, "Babu mai wanga suna nan. An bar shi bakin tafki."

Aka ƙara jira. Aka ji ƙarar ruwa, alamar wani ya gyara zama.

"Sarkin Ruwa."

Jibo ya ce, "Ɗan uwa, jirgi ya danne muryar. Na baya ba su ji ba."

"Ranka shi daɗe, Sarkin Ruwa! A fidda ni!"

An ji wannan har rijiya. Tanimun ya miƙa wa Sajo kifin, ya gyara rawaninsa, ya naɗe wando, ya gangara. Ruwa ya kai masa gwiwa. Ya lalubi gindin ƙofar baya da ƙafa, ya ce a miƙo masa shebur. Kafin ya fara haƙa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen motar.

"Direba, in na buɗe, ruwa za shi shigo da yawa. Ubana ya ce a riƙa tambaya kafin a taɓa mutum. Ka iya iyo?"

Jama'a suka matso har ƙasar bakin rami ta fara zubowa.

"Direba?"

"Tsahara na nan? Ta faɗa maka."

Tsahara tana naɗe igiyar ƙwaryarta. Ba ta ɗago kai ba.

"Ranka shi daɗe, ko wanka za shi yi da buta, sai ya riƙe danga da hannu guda."